Sabon weji da ƙasarmu ta rani: abin da ya ci mini kuɗi

Kusan dala 200 na biya, a daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma sandar ba ta yi mini ko rabin aikin da tsohuwar take yi ba. Maganar weji nake yi, sandar da mu 'yan ƙwallon lambu muke zarowa idan an matso kusa da rami ko ƙwallo ta faɗa yashi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na ga wasu abokan wasana suna ta aika wa juna hotunan sabbin samfura a WhatsApp suna shirin yin oda, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Tsohon wejina mai digiri 56 ne (wato yawan kwanciyar fuskarsa), ya daɗe a jakata. Da shi nake fita daga yashi, da shi nake gajerun bugu, da shi nake atisaye da yamma. A hankali sai na fara lura ƙwallo tana tashi sama fiye da da, idan ta sauka a girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ke kewaye da rami, kuma ba ta tsayawa, sai ta yi ta gangarawa ta wuce tuta. Kadina, mai ɗaukar mini jakar sanduna, shi ne ya fara faɗa mini gaskiya. Ya karɓi sandar, ya goge ta, ya ja farcensa daga sama zuwa ƙasan fuskarta, ya ce: "Alhaji, duba, farce ma ba ya maƙalewa. Layukan nan sun mutu." Da na duba sosai, a tsakiya can ƙasa akwai wani wuri mai faɗin kwabo da ya yi sumul yana ƙyalli.

Layukan da ke fuskar sanda aikinsu su kwashe ruwa da ciyawa da ƙura daga tsakanin ƙarfe da ƙwallo, don fuskar ta kama ƙwallon ta juya ta. Idan bakinsu ya dakushe, ƙwallo sai ta zame ta hau fuskar, ta tashi sama ba juyi. Kamfanin Titleist, mai yin wejin Vokey, yana ba da shawarar a duba layukan bayan zagaye kamar 75. A ganina, a wajenmu ba a kai wannan. Ƙarfen weji mai taushi ne, ƙasarmu kuwa yashi ce da tsakuwa da jar ƙasa, kowane bugu a lokacin rani yana ɗan cin ƙarfen. Wanda yake atisaye a ramin yashi kullum, nasa ya fi saurin ƙarewa.

To, har nan babu matsala. Sanda ta tsufa, a sauya ta. Inda abin ya karkace shi ne a shagon da na shiga lokacin wata tafiya waje. Na je da niyyar sayen irin tawa sak, mai sayarwa ya nuna mini sabon samfuri: gindi mai faɗi, layuka sun cika fuskar daga gefe zuwa gefe, hancin ya yi tsawo sama, bayan kuma da rami kamar sandunan masu koyo. Ya ce wannan ba ya nutsewa cikin ƙasa, ko ka bugi bayan ƙwallo zai zame ya ɗauke ta. Ya kai ni wajen gwaji na cikin shago, na buga a kan tabarmar roba, kowace ƙwallo ta tashi lafiya lau, allon kwamfuta yana nuna lambobi masu daɗin gani. Bai tambaye ni a wace irin ƙasa nake wasa ba, ko sau ɗaya. Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara yi, kuma ita ce ba a yi ba.

Ba ina cewa sabbin samfuran nan yaudara ce ba. Tun 2015 kamfanin Callaway suka fitar da mai dogon hanci tare da shahararren ɗan wasa Phil Mickelson, TaylorMade suka biyo da Hi-Toe a 2018, Cleveland kuma suna da CBX mai faɗin gindi tun 2017, kuma akwai dubban mutane da suke jin daɗinsu. Amma kowane samfuri an ƙera shi ne don wata ƙasa da wani irin bugu. Abin da yake raba su da gaske yana ƙarƙashi, a tudun gindin sandar, abin da muke kira bawuns. Shi ne yake ɗaga bakin sanda daga ƙasa idan ka ajiye ta. Asalinsa ma don yashi aka yi shi. Ɗan wasan Amurka Gene Sarazen ne ya shahara da ƙara wa gindin sandarsa dalma don ta riƙa zamewa cikin yashi maimakon ta haƙa, kuma da ita ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1932. Tsohuwar sandata bawuns ɗinta digiri 8 ne. Sabuwar, 14.

Na dawo gida ana tsakiyar hunturu. Duk wanda ya san filayenmu na Arewa daga Disamba zuwa Afrilu ya san yadda suke: ciyawa ta ƙone, ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Ka sa sanda mai bawuns 14 a kan wannan, gindinta ne yake fara dukan ƙasa. Ƙasar ba ta ba da hanya, sai sandar ta yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki. Bugun da ya kamata ya tashi yadi 30 ya sauka a hankali, sai ya fita a ƙasa-ƙasa da gudu ya tsallake girin ya faɗa ɗaya gefen. A ramukan yashinmu ma haka, domin yawancinsu yashin sama kaɗan ne, ƙarƙashi ƙasa ce mai tauri.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba ƙwallayen da suka tsallake ba ne. Sandar ta lalata mini hannu. Da na ga tana tsalle, sai na fara matsar da ƙwallo baya, ina tura hannuwa gaba don bakin ya sauka ƙasa. Hakan yana kashe bawuns ɗin, yana kuma rage kwanciyar fuskar, 56 ta koma kamar 50. Daga nan tsoro ya shiga. Mutumin da yake tsayawa kan gajeren bugu hankalinsa kwance, sai ga shi yana zaro fota, sandar gangara ƙwallo cikin rami, daga nesa da girin don gudun abin kunya. Kusan duk ranin nan haka na yi shi, yawan buguna yana ta hawa, ni kuma ina ɗora wa kaina laifi, ina cewa shekaru ne suka fara aiki.

Wani dattijon mai horarwa a filinmu, wanda ya fara a matsayin kadi tun yana yaro, shi ya warware mini. Ya tsaya yana kallona ina fama a wajen atisaye, sai ya ce in ba shi sandar. Ya ajiye ta a kan busasshiyar ƙasa, ya ce in durƙusa in kalli bakinta. Akwai sarari tsakanin bakin da ƙasa wanda ido yake gani ƙarara. Ya ce: "Yallaɓai, hannunka lafiyarsa ƙalau. Wannan sandar damina ce." Ya miƙo mini tasa, tsohuwa, mai siririn gindi, ya ce in buga. Ƙwallon farko ta fita da ƙarar nan mai tsabta da na daɗe ban ji ba. Na ce: "Baba, ashe ba ni ba ne?" Ya ce ba ni ba ne. Sai da na sauke ajiyar zuciya.

Maganarsa ta damina kuma ta tabbata. A watan Agusta na je Abuja na yi wasa a filin IBB, ciyawa ta yi kauri, ƙasa ta jiƙa, yashi ya wadata. Sandar da na tsana ta yi aiki yadda aka yi mini alkawari, tana zamewa ƙarƙashin ƙwallo ba ta nutsewa. Sai dai ni ba a can nake wasan kullum ba, kuma rani a wajenmu ya fi damina tsawo. Dokar wasa ta ce sanda 14 kawai a jaka. Ba zan ba da gurbi ɗaya ga sandar da take aiki wata uku ko huɗu a shekara ba.

Daga baya na sayi abin da na je saya tun farko: digiri 56, bawuns 8, siffa irin ta tsohuwar. Babu wani abin burgewa a jikinta. Amma sabbin layuka kaɗai sun dawo mini da tsayuwar ƙwallo, tana fita ƙasa-ƙasa, ta yi tsalle ɗaya, ta riƙe. Duk abin da nake nema ke nan tun ranar da kadina ya ja farcensa, kuma da tun farko na same shi da ban biya kuɗi sau biyu ba.

Ga wanda yake tsakanin sayen irin tsohuwar sandarsa da sayen sabon samfuri, tambayoyi biyu ne daban, kada mai shago ya haɗe maka su. Ko layukanka sun mutu, farce da ido za su faɗa maka, da kuma yadda ƙwallo take yi idan ta sauka. Ko siffar sandarka ta dace da kai kuwa, ƙasar filinku ce kaɗai za ta faɗa. Idan tsohuwar tana shiga ƙasa yadda kake so, tsayuwa ce kawai ta ragu, sayi irinta. Idan kuma zuciyarka ta nace kan sabon samfuri, nemi wanda yake da shi a kulob, ka ara, ka je wuri mafi tauri a bayan girin a watan Fabrairu ka gwada, ka shiga ramin yashin da ya fi kowanne ƙarancin yashi. Tabarmar roba tana yafe kowane irin gindi, shi ya sa ba ta nuna komai.

Akwai kuma masu wasa a filayen da har yanzu burawun ne, wato yashi da aka cakuɗa da mai a maimakon ciyawa. Su kam maganar layuka ba ta dame su sosai ba, tunda ƙwallo idan ta sauka a yashin ba ta yin nisa. Tsohon weji zai iya ƙara musu shekaru. Gindin ne dai abin dubawa, domin ƙasar da ke kewaye da burawun ita ce mafi tauri.

Wasu za su ce a sayi ɗan ƙarfen nan na wasa layuka a huta. Na ga masu yi, kuma yana ɗan farfaɗo da su. Amma tun 2010 hukumomin R&A da USGA, masu kafa dokokin wasan, suka ƙayyade girman layuka da kaifin bakinsu a kan sanduna masu digiri 25 zuwa sama, kuma da hannu ba ka da yadda za ka san ko ka wuce iyaka. Mai shiga gasa ya yi hattara. Haka ma na hannu da ake kawowa daga waje: direba (sandar bugun nesa) ko fota na gwanjo ba laifi, amma weji yawanci ba a rabuwa da shi sai ya ƙare. Kada ka saya ta hoto. A goge fuskar a gabanka, ka kalli layuka huɗu ko biyar na ƙasa a cikin hasken rana, ka ja farcenka, sannan ka juya ta ka karanta lambar bawuns ɗin kafin a fara maganar farashi.