A Kwarin da John Ford Ya Nuna wa Duniya

Da sassafe na bar Flagstaff, na ratsa Tuba City, na kai Kayenta, garin ƙarshe kafin a shiga Monument Valley, a kan iyakar jihohin Arizona da Utah a Amurka. Titi ya miƙe sambal, sai jar ƙasa da ƙananan ciyayi. Can sai ga duwatsun sun fara ɓullowa, kowanne tsaye shi kaɗai, samansa a shafe kamar an yanke shi da wuƙa, wasu sun kai mita 300. Duk wanda ya kalli finafinan kaboyi a sinimomin Kano na da, ya san waɗannan duwatsu tun kafin ya san sunan wurin.

Na fara yada zango a tsohon kantin Harry Goulding, wanda yanzu aka mayar gidan tarihi. Wannan ɗan kasuwa ne ya kwashi hotunan kwarin ya nufi Hollywood a 1938, lokacin da talauci ya addabi Nabaho, mutanen wurin, yana neman wanda zai kawo musu aiki. Daraktan finafinai John Ford ya ga hotunan, ya zo. A 1939 fim ɗinsa Stagecoach ya fito, ya ɗaga John Wayne zuwa sahun taurari. A bayan kantin har yanzu akwai ɗan ɗakin dutse da Wayne ya fito a cikinsa a wani fim na 1949; na leƙa ciki, ƙarami ne ƙwarai, ba kamar yadda yake a allo ba.

Ford ɗan baƙi ne daga Ayalan, an haife shi a jihar Maine a 1894, ya rasu a 1973. Ya shirya finafinai sama da 140, ya ci kyautar Oscar ta darakta sau huɗu, kuma ko ɗaya ba da fim ɗin kaboyi ba. Duk da haka da su aka fi tunawa da shi.

Sai da na tsaya a kan tsaunin da ake kira John Ford's Point na gane gwanintarsa. Yakan sa ƙasa can ƙasan hoto, ya bar wa sama sauran fili, mahayi da dokinsa su zama ɗan ɗigo a gindin dutse. Ba ya yawan juya kyamara, kafe ta yake yi ya bar mutum ya ratsa. Darakta Kurosawa na Japan ya yaba masa ƙwarai, darakta Sergio Leone kuwa sai da ya taso daga Italiya ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa na 1968 a nan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar direban da ya zagaya da ni, wani Banabaho. Ya ce kakanninsa sun yi wa Ford aiki, kuma kuɗin ya amfane su a lokacin wuya. Sai dai ba a matsayin Nabaho suke fitowa ba. Yau a ce su Apache ne, gobe Comanche, wato wasu ƙabilun daban, galibi maharan da sojan doki ke harbewa. Mutanen da aka kora daga ƙasarsu da ƙafa a 1864, suka dawo a 1868, su ne aka sa su zama abin tsoro a cikin gidansu. Wannan ya dame ni matuƙa, domin mu ma da muke yara sojan muke yi wa tafi. Ford ya so ya gyara a fim ɗinsa Cheyenne Autumn na 1964, ya tsaya a ɓangaren ƙabilar Cheyenne, amma ko a nan manyan jaruman da suka fito a matsayin shugabannin ƙabilar ba 'yan ƙabilar ba ne.

Tun 1958 hukumar Nabaho ta mayar da kwarin wurin yawon buɗe ido a ƙarƙashinta. Su ke karɓar kuɗin shiga, kuma in kana son kauce wa hanyar ƙurar da ke zagaya kwarin, mai kilomita 27, dole sai da ɗan jagoransu. A wurin wata dattijuwa mai rumfa na sayi zoben azurfa, sannan na kama hanyar garin Mexican Hat.