Godiya: Bakan Baba Ya Sake Ɗaukar Tsirkiya

Alhamdu lillahi. Jama'a, bakan marigayi Baba ya tashi. Waɗanda suka bi mu tun ranar da bushewar hunturu ta tsaga bayan bakan, dab da mariƙi, ba sai na maimaita muku ba. Wallahi jiya ne na fara barci mai nauyi.

Sarkin Baka ya ce kada in ambace shi. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, yau sai na faɗa. Kai ka hana a ɗaure bakan da waya, ka ce idan an ja baka bayansa miƙewa yake yi, cikinsa ya matse, don haka sai abin da zai miƙe ya koma. Sarkin Fawa ya aiko da jijiyar ƙafar bijimi, aka shanya, aka daka har ta zama zare-zare. Inna ta ba mu murhunta aka dafa guntayen fata suka zama danƙo, wari ya cika gida, ko tsaki ba ta yi ba. Baduku ya jera jijiyar a bayan icen, ya lulluɓe da ɗanyar fatar akuya, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Bayan ya bushe aka ɗaura tsirkiya. Sarkin Baka ya kara kunne a jikinsa yana ja kaɗan-kaɗan, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake, ina jiran in ji ƙas. Da ya karye a nan, ba sauran abin da hannun Baba ya sassaƙa a gidanmu. Sai ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ja, ai icen ɗunɗu ne, ubanka bai zaɓi banza ba." Na ja har kunne, hawaye suna zuba.

Akwai 'yan uwa da suka ce a sa bakan a murhu a huta, kuma har yau ko leƙowa ba su yi ba. Abin ya taɓa ni, amma Allah ya bar zumunci.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya albarkaci zuriyarku, ya tsare ku a gida da daji, ya rufa muku asiri duniya da lahira. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. In Allah ya kai mu hawan Sallah, ku neme ni cikin 'yan baka.