Shirun da ya ci mini babur

Akwai lokacin da nake da babur nawa na kaina, ja, wanda na saya bayan shekara uku ina tara jika-jika. Kabu-kabu nake yi da shi a Maraɗi, daga babbar kasuwa zuwa Ali Ɗan Sofo, daga unguwar Zariya zuwa bakin Gulbi, wani lokaci har Tibiri in an samu mai biya da kyau. Ba ɓarawo ya ɗauke shi ba, kuma ban yi hatsari da shi ba. Da hannuna na sayar, ina dariya, alhali zuciyata na ce mini kada in yi. Ku ƙannena masu zaman fada, labarin nan naku ne.

Mu tara ne a fadarmu, gindin wani bedi a Bagalam. Wani dare ana kan shayi na biyu sai ɗaya daga cikinmu ya zo da baƙo. Shadda mai maiƙo, salula biyu, makullin mota yana juya shi a yatsa. Ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, ya sha shayinmu, ya yaba. Sannan ya buɗe salula ya nuna mana harkar: ka saka jika 10, bayan kwana 30 ka karɓi jika 13. Ka kawo wani, kana da naka kaso a ciki. Ya ce wani babban Alhaji na garin nan ma ya shiga, amma bai faɗi suna ba, wai sirri ne.

Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni. Na san abin da mai aya ke samu a buhu in ya ajiye ta tun kaka, na san na mai wake, na san na mai riɗi. Babu wanda ke da tabbacin riba irin wannan kowane wata, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Tambayar tana bakina: wace sana'a ake juya kuɗin nan da ita? Sai na ɗaga kai na dubi mutane. Kowa na gyaɗa kai. Shugaban fada ya ce, "Wallahi wannan harka ce." Na kusa da shi ya ce haka ne. Ni kuma na haɗiye tambayata tare da shayin, don kada a ce na cika baƙin ciki, ko a ce na kunyata baƙon aboki.

Mutumin bai nemi da yawa ba a farko, kuma nan ne gwanintarsa. Ya ce, "Yayana, kada ka saka abin da zai dame ka. Jika 2 kawai, don ka gani da idonka." Wa zai hana jika 2 a gaban abokansa? Na ba da. Wata ya cika, kuɗi suka dawo da ƴaƴansu. Na saka 20. Suka dawo. Daga nan na daina zama mai gwaji, na koma ɗan ciki, mai kare harkar in wani ya kushe ta. Da bakina na shawo kan ƙanwata ta ba ni kwasar adashinta, jika 60. Da aka ce an buɗe wani babban mataki na kwana uku kacal, wanda bai shiga ba ya yi asara, na kai babur wurin dillali. Sati biyar bayan haka salular mutumin ta daina shiga.

Asarar ta yi mini ciwo, amma ba ita ce ta hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci na ji shi ne wajen wata biyu daga baya, muna dawowa daga zaman makoki ni da mai dafa mana shayi. Ya ce, "Ka san ni tun daren farko ban yarda ba?" Na ce to me ya hana ka magana? Ya tsaya ya dube ni. "Kai na kalla. Kai ne ka yi lakwal har koleji a cikinmu. Da na ga ka yi shiru sai na ce lalle akwai abin da ka gane wanda ni ban gane ba." Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Cikin mu tara, shida sun yi shakka a daren nan. Kowa ya dubi fuskar ɗan'uwansa, ya ga babu alamar damuwa, ya ɗauka shi kaɗai ne mai tsoro. Shiruna da na ɗauka kara ce na yi wa baƙo, ashe wani ya karanta shi a matsayin sa hannu.

Wani malamin lakwal da muke sallah masallaci ɗaya ne ya fara gaya mini cewa abin nan an daɗe da auna shi, daga baya na nema a intanet na karanta da kaina. A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da ɗalibai bakwai zuwa tara, ya nuna musu zane ɗaya a kati, sannan zane uku a wani katin, ya ce su faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da na farko. Abu ne da ko yaro zai gane. Sai dai duk waɗanda ke zaune an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya, kuma an shirya su faɗi amsar da ba daidai ba, a fili, kafin layi ya zo kansa. Kusan kashi 75 cikin 100 na mutanen da aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Waɗanda aka gwada su kaɗai kuwa, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Zane ne fa kawai, babu kuɗi, babu abota, babu wanda zai haɗu da wani gobe a wurin suna. To ina ga mu da muke cin tuwo kwano ɗaya?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da Asch ya gano da ya sa mutum ɗaya tak cikin ƴan haɗin bakin ya faɗi gaskiya. Bin jama'ar ya faɗi warwas, ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake. Stanley Milgram ma, wanda ya fara nasa gwajin a jami'ar Yale a 1961, ya ga mutum 26 cikin 40 sun bi umarnin mai rigar bincike har ƙarshe, suna danna abin da suka ɗauka wutar lantarki ce mai ƙarfin bolt 450 suke sa wa wani. Amma da aka sa wasu biyu suka ƙi ci gaba a gabansu, 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe. Mutum ba ya buƙatar taro kafin ya tsaya, abokin tsayuwa yake nema. A daren nan mutum biyar suna jiran wanda zai fara buɗe baki, ni kuma ina jiran su.

Jika 2 ɗin nan ma tsohuwar dabara ce. A 1966 wasu masana biyu, Freedman da Fraser, sun nuna cewa wanda ya yarda da ƙaramar buƙata ya fi saurin yarda da babba in an dawo masa, don ya riga ya fara ganin kansa a matsayin mai irin wannan hali. Duk wanda ya matsa maka da cewa ɗan kaɗan kawai, ka tambayi kanka abin da zai nema a zuwa na uku.

Ban ce ku zama masu gardama a kowane zama ba. Kara da kunya su ne suka riƙe garin nan, kuma yawancin abin da muke yi don mun ga ana yi alheri ne: gaisuwa, gudummawar biki, zuwa jana'iza. Amma in magana ta kai ga kuɗinka, ko sa hannunka a takarda, ko tsaya wa wani lamuni, ko taron da ya tashi zai far wa wani don an yi ihun ɓarawo, to a nan a bi Yarima a sha kiɗa ba naka ba ne. Kada ka ba da amsa a cikin taro. Ka ce, "Bari in kwana da maganar." Wanda ya ce ba za ta kwana ba, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Washegari ka sami abokanka ɗaya-ɗaya, ba a fada ba, a hanyar masallaci ko bakin shago, ka ce tsakani da Allah me ka gani? Za ka sha mamakin bambancin abin da mutum ke faɗi shi kaɗai da abin da kansa ke gyaɗawa a cikin mutane. In kuwa dole sai a wurin, ba sai ka ce wa kowa maƙaryaci ba. Tambaya ta isa, cikin ladabi: "Malam, ka yi haƙuri, ni ban gane ba, daga ina ribar ke fitowa?"

Kawuna, wanda bai taɓa shiga aji ba, da na je masa da harkar tun ina cikin zafinta, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, in yana da injin kuɗi, me yake nema da jikarka biyu?" Na yi dariya na ce su Kawu an tsufa. Ban koma masa ba sai da na je aron kuɗin mota.

Yanzu babur na wani nake tuƙawa, ina kai balas kowane dare. Kuɗin ƙanwata na biya jika 45, saura 15. Ba ta taɓa tambayata ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai mata jika 5, ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Yaya, ka ci abinci kuwa?"