Dare na uku na taron farkaswa

Ƙarfe ɗaya ta wuce, barci ya ƙi zuwa.

Da rana ba wani abu. Gwajin waƙa, an sake makara, ba sai na ce wane ne ba. Mama ta warware, har da dariya a waya.

Maganar Yaya ce ta tsaya mini a rai. Da aka tashi tana ta murna, gaban bagadi ya cika maƙil. Ta ce, "Ka ga aikin Ruhu?" Na ce, "Yaya, akwai na Ruhu, akwai kuma na gwaninta." Ta harare ni. "Kai dai karatu ya ɓata ka."

To amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san yadda ake ɗinka irin wannan wa'azi. Waƙa tukuna, kusan awa guda a tsaye, har jiki ya yi laushi. Mai wa'azi ya fara da raha, ya saye zukata. Daga nan murya ta hau, "mu" ta koma "kai". Sai labarin saurayin da ya ce sai gobe, mota ta kwashe shi a hanyar gida. Kullum ba shi da suna, ba shi da gari. Sai tambayar: in ka mutu a daren nan, ina za ka? Ya yi tsit, mai jita ya shigo a hankali. Kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido, ɗaga hannu kawai, ba mai ganinka. "Na ga hannun nan, Allah ya albarkace ka." Wanda ya ɗaga, ya miƙe. Wanda ya miƙe, ya fito. Kowane mataki ɗan ƙarami ne, amma wanda ya riga ya miƙe kunya ba za ta bar shi ya koma ya zauna ba. A wasu tarukan masu ba sababbin tuba shawara ne ke fara fitowa, mai jinkiri ya ga kamar jama'a ce ta taso.

Ba yau aka fara ba. Mai wa'azi Charles Finney a Amurka ya ware benci a gaba don waɗanda zuciyarsu ta damu, kuma a laccocinsa na 1835 ya faɗa ƙarara cewa farkaswa ba mu'ujiza ba ce, sakamakon amfani da hanyoyin da suka dace ne. Kafin shi mai wa'azi Jonathan Edwards, ranar 8 ga Yuli 1741 a garin Enfield na Amurka, ya ɗauki Maimaitawar Shari'a 32:35, ya kwatanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a bisa wuta. Kukan jama'a sai da ya danne muryarsa. Abin da masu kwaikwayonsa ke mantawa, wajen ƙarshen wa'azin ya nuna ƙofar jinƙai a buɗe take. Mai wa'azin daren yau minti arba'in yana Jahannama, gicciye bai samu minti biyar ba.

Ina da abin da zan ba Yaya gaskiya a kai, ko da yake ban faɗa mata ba. Ranar 8 ga Oktoba 1871 mai wa'azi D. L. Moody ya ba masu sauraronsa a Chicago mako guda su je su yi tunani a kan karɓar Yesu. A daren gobara ta tashi ta cinye babban ɓangaren birnin, ya yi ta nadamar wannan mako har ƙarshen ransa. Yahuza 23 ma cewa ya yi a fizgo wasu daga wuta.

Inda abin ke lalacewa shi ne bayan taro. Tsoro kwana biyu yake yi ya sauka. In ba a karɓi sunan mutum ba, ba a ziyarce shi cikin makon ba, ba a sa shi ajin baftisma ba, irin shukar da ya faɗa kan dutse ke nan, a misalin mai shuka na Markus 4. Baɗi ka sake ganinsa a gaban bagadi, ka sake ƙirga shi sabo.

Yarinyar da ke kusa da ni ba ta kai shekara goma ba. Ta fita gaba jikinta na rawa, riƙe da takalminta ɗaya a hannu. Ban ga wanda ya durƙusa ya tambaye ta abin da ta fahimta ba.

Gobe ni ke raba katunan masu tuba, kuma alƙalumanmu huɗu ne kacal.