Kogon da ruwan batir ya haƙa

Yawancin koguna daga sama ake cinye su: ruwan sama ya ratsa ƙasa, ya bi tsagar dutsen laimston, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato, yana narkar da shi sannu a hankali. Shi ya sa labarin kogon Carlsbad da ke jihar New Mexico a Amurka ya tsaya mini a rai. Shi daga ƙasa aka haƙo shi.

A can ƙarƙashin yankin akwai ɗanyen mai da gas. Daga nan wata iska mai warin rubabben ƙwai ke fitowa, ta bi ruwa ta tsagogi tana hawa sama. Da ta iso inda ruwan ƙasa ke ɗauke da iskar oksijin, sai su haɗu su zama asid ɗin farar wuta, wato ruwan batir ɗin da bakanike ke gargaɗin kada ya taɓa maka riga. Shi ya ci dutsen, shekaru miliyan 4 zuwa 6 da suka wuce, ya bar manyan ɗakuna.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce jifsom, wani farin ma'adini mai laushi. Idan wannan asid ya ci laimston, jifsom yake bari, kuma ga shi jibge a ƙasan babban ɗakin Carlsbad, fari fat, wani wurin kaurinsa ya fi tsayin mutum. Ruwan sama ba ya barin irin wannan tarin.

Maƙwabcinsa kogon Lechuguilla, wanda masu bincike suka tona suka shiga a 1986, haka shi ma ya samu. Can har farar wutar kanta aka tarar, rawaya, a jikin dutse.