Abin da na koya wajen kama wa mutane ɗaki a jirgin ruwan shaƙatawa

A ofishin shirya tafiye-tafiye da nake aiki, tambayar da aka fi yi mini game da jiragen ruwan shaƙatawa ita ce: wane wata ne tikiti ya fi araha? Kowa so yake in ce masa Janairu ko Nuwamba, ya rubuta ya tafi. Amma aikin ya nuna mini cewa akwai ranar da ta fi watan saye muhimmanci, wato ranar da kamfani ya tsayar a cika masa kuɗinsa.

Kamfanoni sukan buɗe tafiye-tafiyensu tun saura shekara ɗaya da rabi ko biyu jirgi ya tashi. Mai son ɗaki sai ya ba da kafin alƙalami, ragowar kuma ya biya ta ana saura kwana 60 zuwa 120 a tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiyar. A tsakanin nan farashi hawa yake yana sauka, bisa yadda ɗakuna ke ƙarewa. Kamfanoni da yawa suna yarda su rage wa mutum idan farashin ya faɗi kafin ya cika kuɗi, sai dai ba za su kira shi su faɗa masa ba, sai ya nema. Shi ya sa nake ba da shawarar a kama ɗaki da wuri, sannan a riƙa leƙa farashinsa har ranar cikawa. In ya hau, ba ruwanka. In ya sauka, ka nemi a gyara.

Sharaɗin shi ne ka san irin kafin alƙalamin da ka bayar. Akwai wanda ake mayarwa idan an fasa, akwai wanda ba a mayarwa, kuma shi wannan na biyun tikitinsa ya fi sauƙi, don haka shi ake fara nuna wa mutane. Tafiyar da sai baɗi za a yi, abubuwa da yawa na iya gittawa kafin ta zo. Ni dai na fi son mutum ya ƙara ɗan abu ya samu damar janyewa.

Gaskiya ne daga Janairu zuwa Maris kamfanoni suna gasar talla. Amma sau da yawa ba farashin suke karyawa sosai ba, kyauta suke ɗorawa: intanet, abin sha, ko wani kuɗi da za a kashe a cikin jirgi. In kana buƙatarsu, riba ce. In ba ka buƙata, kada su ruɗe ka.

Masu jiran ƙarshen lokaci su ma suna da hujja, domin bayan ranar cikawa kamfani yakan zubar da farashin ɗakunan da suka rage, tunda ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa asara ce. Wannan ya dace da wanda yake zaune kusa da tasha irin Miami ko Barcelona. Wanda kuwa sai ya hau jirgin sama ya je, abin da ya rage a ruwa yakan biya shi a sama, ga kuma biza da ba ta fitowa a gaggauce. Sannan ɗakin da ya rage ba zaɓi ba ne. A kan taswirar jirgi nakan nuna wa mutane da yatsa: wannan yana ƙarƙashin wurin rawa, wancan kwale-kwalen ceto ya tare masa taga. Iyali mai yara da ke son ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, su kam jira bai kama su ba ko kaɗan, irin waɗannan ɗakunan kaɗan ne kuma su ake fara kwashewa.

Inda na fi ganin araha ta gaske shi ne tafiyar sauya sheƙa. A Oktoba da Nuwamba jirage da yawa suna barin Bahar Rum su tsallaka Tekun Atlantika zuwa Karebiyan, wajen Afrilu kuma su dawo. Dole jirgin ya yi wannan tafiyar ko da fasinja ko babu, don haka kuɗin kowane dare yakan yi ƙasa sosai. Sai dai kwanaki ne a jere ba a ganin tudu, kuma inda aka hau ba nan za a sauka ba, a lissafa da tikitin komawa. Karebiyan kuma tana sauƙi a lokacin guguwa, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma mai zuwa ya yarda cewa ana iya sauya masa tsibirin da ya ƙwallafa rai a kai. A Alaska, Mayu da Satumba sun fi watannin da ke tsakaninsu sauƙi.

Wanda ya riga yana cikin jirgi kuma ya san zai sake, ya tsaya a teburin kama tafiya ta gaba kafin ya sauka. Kamfanin Royal Caribbean na kiran nasa NextCruise, kamfanin Norwegian kuma CruiseNext. Irin waɗannan tsare-tsare sukan zo da ƙaramin kafin alƙalami ko kuɗin kashewa a cikin jirgi, amma a tambayi wa'adinsu.

Kafin in bar kowa ya biya, sai mun zauna da takarda da biro. Farashin da ke kan talla na mutum ɗaya ne, bisa cewa biyu za su kwana a ɗakin, don haka mai tafiya shi kaɗai yana iya biyan kusan ninki. A ɗora harajin tashoshi, da tukuicin ma'aikata da ake lissafawa kowace rana, da yawon gari a duk inda aka tsaya, da inshora, da kwana ɗaya a otal kafin ranar tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara. Jimillar nan ce muke rabawa da yawan darare, sannan mu ajiye ta kusa da ta wani kamfanin mu gwada.