Wasiƙa daga Lesta: ɓawo ya ce ga danginsa, ciki ya musa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Ina gaishe ku daga birnin Lesta na ƙasar Ingila, inda sanyi ya fara shiga ƙashi. Da yawa kun tambaye ni me nake karantawa haka da ba na ɗaga kai daga madubin ƙara girma. To ga shi.

Akwai wasu ƙananan halittun ruwa, dangin jatan lande da ƙaguwa, ana kiransu ostirakod. Yawancinsu ba su fi ƙwayar acca ba. Kowanne yana zaune cikin ɓawo mai murfi biyu, yana buɗewa yana rufewa. Idan ya mutu naman ya ruɓe, ɓawon ya saura a cikin dutse. Saboda haka masana suka daɗe suna raba su dangi-dangi da ɓawon kaɗai: yadda gadon bayansa ya miƙe, ƙuraje da kwarin da ke jikinsa, da tabon da tsoka ta bari.

Sai aka samu wani wuri a Herefordshire, kusa da iyakar Wales, inda tokar aman wuta ta binne halittun teku shekara kusan miliyan 425 da suka wuce, ba su samu ruɓewa ba. Ba a iya ɓanɓare su daga dutsen. Sai a riƙa goge shi kaɗan-kaɗan, siririn da bai kai kaurin gashi ba, ana ɗaukar hoto a kowane mataki, kwamfuta ta haɗa siffar. Kafin a gama, dutsen ya zama gari. Wannan kam yana sosa mini rai, amma babu wata hanya.

A 2012 Farfesa David Siveter da abokan aikinsa suka bayyana wani jinsin ostirakod da ya ɓace, daga wannan wurin, suka sa masa Pauline avibella, tsawonsa kusan santimita ɗaya. Wanda ya dubi ɓawonsa zai kai shi dangin Palaeocopida. Amma ga ƙafafu, ga idanu, ga abin numfashi, duk suna cewa ɗan Myodocopida ne, dangin da har yau suke iyo a teku. Ke nan sunaye nawa ne aka ajiye a gidan da ba nasu ba?

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne Kalambaina, wurin da ake haƙo dutsen siminti kusa da Sakkwato. Dutsen da ake fasawa a yi siminti a Sakkwato gindin tsohon teku ne, kuma akwai ɓawon ostirakod a cikinsa. Wani masani, Richard Reyment, ya yi nazarin irinsu na Nijeriya tun shekarun 1960. Mu ɓawo kawai muke da shi, babu nama, don haka sai an yi hattara biyu kafin a raɗa wa ɗaya suna. Ɗaliban ilimin duwatsu da ke Sakkwato da Zariya, don Allah ku ɗebo dutsen nan, ku wanke, ku tace, ku rubuta daidai wurin da kuka ɗebo shi da zurfinsa.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Lesta